Yadda Barakatu Mai Shara Ta Sami Takardar Agajin Gaggawa

Shekara goma sha ɗaya Barakatu ta yi tana goge bencin ɗalibai kafin ta sake zama a kan ɗaya. Ita ce mai shara a wata makarantar firamare ta 'yan mata a Alhilla Kuku, wata unguwa a birnin Khartum na ƙasar Sudan, kuma ita ke riƙe da mabuɗin ƙofar, ɗaure a bakin mayafinta, don ita ke fara zuwa, ita ke ƙarshen tafiya.

A Jazira, yankin noman audugar ƙasar, aka haife ta, a ɗaya daga cikin ƙauyukan 'yan ƙwadago da ake kira kambo, inda iyayenta Hausawa ke cirar auduga a gonakin wasu. A aji uku karatunta ya tsaya, don idan kakar cira ta zo babu hannun da ake bari a gida. Shekara guda bayan sojoji sun karɓi mulki, aikin gona ya ja baya, mahaifinta ya kwaso su suka taho Khartum. A nan ta auri Abdulganiyu, kafinta mai yin ƙofofi da gadajen igiya, mutum mai sanyin magana. Suka haifi Amna da ƙannenta biyu. Da ba don damina ta shekarar 2007 ba, da labarinta ke nan.

Ranar wata Juma'a ce. Ruwan ya sauko tun da hantsi, bai tsagaita ba, kafin azahar sai ga ambaliya daga gabas, ja wur, ɗauke da kaji da tabarmi. Gidajen unguwarsu na ƙasa ne. Katanga ta fara zubewa kamar an jiƙa gari. Barakatu ta tsaya a ƙofar gida, ruwa a gwiwarta, ta hango makarantar a kan tudu, ginin jan bulo. Ta kira shugabar makaranta, layi bai shiga ba. Ta sake kira. Daga nan ta kwance mabuɗin.

"Ba a ba ki izini ba fa," in ji Abdulganiyu, da ƙaramin ɗansu a kafaɗarsa.

"Idan an kore ni, Baban Amna, ai da raina aka kore ni. Taho."

Kafin la'asar makaranta ta cika maƙil. Babu wanda ya ɗora ta a kan kowa, amma ita ta san ɗakin da ke yoyo da wanda ba ya yi, don haka ita ake tambaya. Ta sa masu jego a aji ɗaya, tsofaffi a ajin da ke kusa da bayan gida, maza a baranda, awaki a bayan ofis. Ta hana kowa shan ruwan randa sai an tafasa. Da yake rubutunta ba ya sauri, ta ɗauki alli ta riƙa jan layi a allo: kowane gida da'ira guda, kowane mutum layi guda a cikinta.

A rana ta uku ma'aikatan wata ƙungiyar agaji suka iso da mota. Shugabarsu gajeriyar mace ce mai tabarau da takalmin roba, sunanta Ni'mat, kowa na ce mata Ustaza. Ta tambayi wanda ke kula da wurin. Aka nuna mata mace riƙe da tsintsiya.

"Mutum nawa ne a nan?" in ji Ustaza Ni'mat da Larabci.

"Gida arba'in da uku, mutum ɗari biyu da goma sha biyu. Masu ciki uku, ɗaya watanta ya tsaya. Akwai tsoho mai ciwon suga, maganinsa ya bi ruwa."

Ustaza ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ce, "Wa ya horar da ke?"

"Horo kuma? Ni mai shara ce, Ustaza."

Kafin su tafi, Ustaza Ni'mat ta ba ta wata takarda. Ta ce ƙungiyarsu na horar da mutanen unguwanni a Omdurman, wanda ya kammala a ba shi takardar shaida ta matakin farko a kan kula da al'amuran gaggawa. Mai wannan takarda idan ya yi magana a ranar masifa hukuma na sauraronsa, kuma shi ake danƙa wa kayan agajin unguwarsa.

Sai da ruwa ya janye, suka tada ɗaki guda suka koma gida, Barakatu ta ba Amna takardar ta karanta mata. Sharuɗɗan suna da yawa. Dole mutum ya haura shekara goma sha takwas, ya kawo takardar zama ɗan ƙasa, da wasiƙar kwamitin unguwa, da shaidar likita cewa lafiyarsa ƙalau. Darasi awa sittin ne cikin mako goma sha biyu, wanda ya yi fashi fiye da sau biyu ya fita. Kowa zai zana taswirar unguwarsa da hannunsa. Akwai jarrabawar rubutu, akwai ta aiki, sannan awa talatin na aikin sa kai kafin a sa hannu a takarda.

Da Amna ta kai kan jarrabawar rubutu, Barakatu ta ce, "Naɗe ta, ki ajiye."

Ta kwana biyu a naɗe. Abdulganiyu ne ya zaro ta daga ƙarƙashin katifa. "Gemu ba ya hana ilimi," ya ce, "balle ke da ba ki da shi." Ta yi dariya ba ta shirya ba, kuma washegari ta je wurin likita.

Likita da kwamitin unguwa ba su ba ta wahala ba. Shugabar makaranta ma, bayan ta gama faɗan buɗe ƙofa ba izini, ita ta yarda Barakatu ta riƙa tashi da wuri ranakun darasi. Takardar zama ɗan ƙasa ce ta so ta gagara. A Sudan aka haifi Barakatu, a nan aka haifi ubanta, amma tsohon har ya rasu bai taɓa neman takarda ba. A ofishin, ma'aikacin ya ji sunan kakanta, ya ɗaga kai ya dube ta.

"Ku asalinku daga ina?"

"Daga Jazira."

"Kafin Jazira nake nufi."

Sau huɗu tana zuwa ana cewa ta dawo. A na biyar ta tafi da Baffa Jatau, ƙanen mahaifinta, tsoho mai sanda wanda ba ya barin ta kwana. Ya zo da wata tsohuwar takardar aikin auduga ta ubansu, ta yi launin ƙasa, a naɗe cikin leda uku. Ya shimfiɗa ta a kan tebur ya ce, "Ɗana, duba shekarar nan. Lokacin da ubana ke haƙa magudanan Jazira, ba a haifi ubanka ba." Ma'aikacin ya duba, ya buga hatimi.

A watan Janairu aka fara darasi, Asabar da Talata da yamma. Daga Alhilla Kuku takan shiga mota zuwa Suk al-Arabi, babbar kasuwa da tashar mota ta tsakiyar gari, ta ratsa masu sayar da takalma da masu kiran fasinja, ta hau wata ta haye gada zuwa Omdurman. Su ashirin da shida ne a ajin, yawancinsu masu digiri da malaman makaranta. Ta zaɓi bencin ƙarshe. A can ta tarar da wani mutum mai baƙin tabarau da ƙaramin littafi, wanda ba ya cikin ɗalibai. A shekarun nan ba a tara mutum ashirin a ɗaki ba tare da hukuma ta aiko mai saurare ba. Mako uku yana zaune kamar dutse. A na huɗu Ustaza Ni'mat ta rasa wanda za a gwada ɗaurin karaya a jikinsa, ta ce, "Malam, tunda kana nan, ara mana ƙafarka." Tun daga ranar shi ne majinyacin ajin, har yakan gyara wa ɗalibai idan sun ɗaure shi ba daidai ba.

Abin da ake yi da hannu bai taɓa ba Barakatu wuya ba. Tsayar da jini, juya wanda ya suma a kan gefensa, kashe wutar tukunyar gas da jiƙaƙƙen bargo, auna maganin tsabtace ruwa a ganga, sau ɗaya ake nuna mata. Da aka zo darasin tsara matsuguni, inda ake koyar da tazarar da za a bari tsakanin bayan gida da wurin ruwan sha, Ustaza ta sa ta tashi ta ba da labarin makarantarsu. Amma da zarar an ce a rubuta rahoto, sai gumi ya karyo mata. Kafin ta gama layi biyu an share allo.

Wata Talata, matar da ke gabanta ta juyo ta miƙo mata littafinta. Sulafa sunanta, ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Omdurman, ba ta wuce shekara talatin ba.

"Ki kwafa a gida, Hala," ta ce, wato inna, kamar yadda ake kiran babbar mace a nan. Sannan ta rage murya, ta ce da wata karyayyiyar Hausa, "Sannu da aiki."

Barakatu ta zaro ido. Ashe kakan kakan Sulafa maniyyaci ne da ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya yada zango a Omdurman, bai ƙara gaba ba. Zuriyarsa suka zama maɗinka da 'yan kasuwa, harshen ya narke a bakinsu, sai gaisuwa da sunayen abinci. Daga ranar suka ƙulla. Bayan darasi sukan zauna a gindin wata bishiyar darbejiya, Sulafa ta yi mata shifta, ita kuma ta biya ta da Hausa. Amna na ƙara mata a gida. Barakatu ta cika littafi uku da kalmomin da ba a amfani da su a kasuwa: kwashe jama'a, tantance masu rauni, wurin taruwa.

Taswirarta ce ta fi ta kowa muni, ita ce kuma ta fi ta kowa amfani. Layukan a karkace suke, amma ta taka kowane lungu da ƙafarta. Ta sa alama a kwari, da gidajen da ke da makaho ko gurgu, da inda tsohon magudanin ruwa ya bi kafin mutane su yi gini a kansa. Ustaza ta liƙa ta a bango.

Jarrabawar rubutu ta zo a watan Afrilu. Ana neman hamsin, ta sami hamsin da huɗu. Ta fito kamar wadda ta sauke kaya. Saura ta aiki, wadda ba ta taɓa sa ta a ranta ba.

A filin cibiyar aka yi. Ana kiran mutum shi kaɗai, ya zagayo bayan gini, ya tarar da abin da aka shirya masa. Da Barakatu ta zagayo, sai ta ga mutum kwance a cikin taɓo, ba ya motsi. Ba ta san lokacin da ta ruga ba. Ta durƙusa, ta kama kafaɗarsa, sai ta ji usur.

"Tashi," in ji Ustaza Ni'mat. "Kin mutu."

Barakatu ta duba. Ga wata baƙar wayar lantarki ta sauko daga bango, bakinta a cikin ruwan.

"Me muka ce a darasin farko?"

"A duba wuri kafin a shiga," ta amsa, murya ƙasa ƙasa.

"Da gawa ɗaya gare mu, yanzu biyu. Kuma babu wanda zai kira a kashe wuta, don mai kiran na kwance. Zuciyarki ta fi idonki sauri, Barakatu. Ba zan sa miki hannu ba."

Cikin mutum ashirin da shida, huɗu suka faɗi, har da ita. Ba ta yi kuka ba sai a Suk al-Arabi, a tsaye cikin layin mota, ta ja mayafi ta rufe fuska. Abin da ya fi ci mata rai, a wurin da ta fi ƙarfi ne ta faɗi. A gida ta ce ta gama. Abdulganiyu ya ce ƙofar farko da ya yi a rayuwarsa a juye ya kafa ta, mai gida ya bi shi da takalmi. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Mako biyu bayan haka, ranar Juma'a da hantsi, aka yi sallama. Sulafa ce, ta sha tambaya kafin ta gano gidan, don ba ta taɓa taka Alhilla Kuku ba. Ta durƙusa ta gaida mahaifiyar Barakatu da Hausa, tsohuwar ta riƙe hannunta ta ƙi saki, tana tambayar ta 'yar gidan wane ce. Bayan an sha shayi Sulafa ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Hala, sakamakon rubutunki na nan har wata shida. A watan Yuli za a sake ta aiki. Ustaza ce ta ce in gaya miki."

"Ita da ta ce na mutu?"

"Ta ce ta fi son ta kashe ki a filin cibiya sau goma da a kawo mata labarinki sau ɗaya. Ta taɓa rasa ɗalibi a haka, shekarun baya. Shi ma mai zafin nama ne."

Barakatu ta juya kofinta. Can ta ce, "Wace rana a Yuli?"

Watannin da suka rage ta yi su tana koya wa kanta tsayawa. Ko aji za ta shiga da tsintsiya sai ta ja birki a bakin ƙofa, ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta dubi dama da hagu. 'Yan makaranta har suka fara kwaikwayonta.

A jarrabawa ta biyu ba waya aka sa ba. An kifar da bencina an ce mota ce ta faɗi, mutum biyar a warwatse, aka ba ta mataimaka biyu. Ta tsaya cak. Ta tura ɗaya ya tare hanya don kada wata motar ta afka musu, ta sa ɗayan ya kira motar asibiti ya faɗi wuri da yawan mutane. Wata mata na ta kururuwa tana riƙe da hannu, tana kiran a taimake ta don Allah. Duk jikin Barakatu ya ja ta can. Amma ta tuna cewa mai ihu yana numfashi. Ta wuce ta, ta nufi wanda ke kwance shiru a gefe, ta buɗe masa hanyar iska, ta juya shi. Daga nan ta koma kan mai zubar jini. Mai kururuwar ce ta huɗu.

Usur bai yi kuka ba sai da ta gama. Ustaza Ni'mat ta rubuta wani abu, ta ce, "Je ki sha ruwa." Iyakar yabon ke nan, kuma ya ishe ta.

Awa talatin ɗin ta yi su ne a bayan garin Omdurman, inda famfo bai kai ba, tana bin masu amalanken jaki tana zuba maganin tsabtace ruwa a gangunansu. Da yawansu sun ƙi da farko, wai yana ɓata ɗanɗano. Takan ɗebi kofi ta sha a gabansu. A watan Oktoba na 2008 aka kira sunanta a gaban jama'a aka miƙa mata takarda da riga mai ɗaukar ido. Abdulganiyu ya yi wa takardar gida da katakon da ya fi kowanne kyau a shagonsa.

Ba a ƙara mata matsayi a makaranta ba, tsintsiyarta na nan. Abin da ya canja shi ne, da damina ta gaba ta matso, ta je gaban kwamitin unguwa, maza goma sha ɗaya, ta ce tana son a kira gayya a buɗe tsohon magudanin nan. Da can da ba za a bar ta ta zauna ba. Yanzu shugaban ya karanta takardarta, ya ce ta yi magana.

Cikas ɗaya aka samu. Wata tsohuwa, Iya Talatu, ta gina madafinta daidai kan hanyar ruwan, ta kuma rantse babu mai taɓa shi. Maza suka je da Larabci da maganar doka, ta kore su da muciya. Barakatu ta je ita kaɗai, ta zauna ta taya ta tsinkar ganyen lalo, har kwano ya cika.

"Iya, a bara waccan wa ya ɗauko ki zuwa makaranta?"

"Jikokina, a kan gado."

"Bana sun tafi aiki Bur Sudan. Wa zai ɗauke ki?"

Tsohuwar ta harare ta. "Ke 'yar Jazira, bakinki ya yi kaifi tun da kika je Omdurman." Ta tsinki ganye biyu uku. "Idan kun rushe, ku za ku gina mini wani. Da ƙofa."

Juma'a uku aka yi ana haƙa, maza da shebur, mata da kwanuka, har aka haɗa magudanin da babban kwalbati na bakin titi. Ruwan farko mai ƙarfi ya zo a watan Agusta da rana tsaka. Barakatu ta sa rigarta ta bi magudanin tun daga sama. A bakin kwalbatin ta tarar wata tsohuwar katifa ta toshe shi, ruwa ya fara komawa cikin lungu. Ta kira maza huɗu, ta sa aka ɗaura wa mai shiga igiya a ƙugu, suka fizgo ta da ƙugiya. Ruwan ya yi wani gurnani ya wuce. A wannan shekarar katanga biyu ce ta faɗi a unguwar, babu wanda ya kwana a waje.

A hanyar komawa, jiƙe sharkaf, ta ji ana ƙwala mata kira. Iya Talatu ce a sabon madafinta, hayaƙi na fita ta taga.

"Shigo ki sha shayi kafin sanyi ya kama ki. Kuma ki gaya wa mijinki ƙofar nan tasa tana kuka idan an buɗe."

"Zan gaya masa, Iya."

"Ki ce ya zo da mai. Zauna mana, kin tsaya mini a kai."